Makullin Sanarwa Yana Hannunki

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata, Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ku Yamai lami lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin direba mai gaggawa. Na cusa ta a jakarki ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙulin da mamanki ta yi miki, don na san can hannunki zai fara zuwa. Idan lissafina bai ɓace ba, yanzu kun wuce Tsibiri, wataƙila ma kun bar Gidan Rumji a baya. Ki gaishe mini da maƙwabciyarmu Hajiya Balki da ke kujerar kusa da ke, ki kuma ba ta ƙuli-ƙulin, kada ki yi rowa.

Na san za ki yi dariya ki ce Baba yana da salula a aljihu amma ya zauna ya cika takardu kamar mai shirya jarrabawa. Yi dariyarki. Shekara talatin na yi da alli a hannu, ban saba da magana ta wuce ba tare da na ga jikinta ba. Ban da haka, na daina ba salula magana mai nauyi, kuma kafin ki kai ƙarshe za ki san dalili.

Ba zan ja ki da nisa ba. Abu ɗaya ke hana ni sukuni tun ranar da sunanki ya fito a makarantar ungozoma. Ina tsoron wata rana kina tsaye bakin titi a garin da ba ki san kowa ba, ki buɗe salula ki ji mummunan labarin gida, babu mai riƙe hannunki. Na san yadda abin yake, don ni da kaina na taɓa yi wa mutum haka. Akwai kuma maganar zuwa likita da nake ta yi, wadda na ce muku ta tansiyo ce, wato hawan jini. Zan zo kanta a ƙarshe. Kada ki tsallake ki leƙa, na san halinki. Ki bi layi, kamar yadda nake ce wa ƴan aji.

Kin tuna yadda zumuntarmu take kafin in sa mata hannu. Jikokin kakana sun rabu gida uku: mu na Maraɗi, na Tsibiri, da masu lambu a Jiratawa, ban da waɗanda neman abinci ya kai Yamai da Katsina da bakin teku. Kowa yana da ƙaramin gurup ɗinsa a salula. Mu dattawa muna da namu, mu tara. Mata suna da nasu na biki da suna. Ku samari da ƴammata kuna da naku, inda ban san abin da kuke faɗa ba, ban kuma so in sani. Masu lambu suna da na rabon ruwa, inda ake faɗar ranar da za a sako wa kowane layi ruwansa. Abu yana tafiya, ba wanda ya kawo ƙara.

Sai na aje alli, aka naɗa ni sakataren zumunta, ba don komai ba sai don ni ne ba a raba ni da biro a aljihu. To mutumin da ya saba da rajistar aji ba ya son ganin sunaye a warwatse. Na ce don me dangi ɗaya za su zauna a ɗaki huɗu? Na buɗe gurup guda babba, na kwashi kowa na zuba a ciki, ban nemi shawarar kowa ba. Na ɗora masa hoton ƙofar gidan kakanmu. Ranar har tafiyata ta canza.

Kwana uku aka yi ana barka da arziki. A na huɗu Haruna ya saki saƙon murya, abin da kuke ce wa bokal. Kin san Haruna taubashina ne, ɗan gwaggona Tabawa, wadda duk kuke kira Iya, kuma tun muna yawo ba wando ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce, “Mushe, bawana, an ce mani ka yi tumbi tun da ka bar cin alli. Taho Tsibiri in ba ka dakon buhu, ka rage shi.” Ni kuwa na mayar masa da wadda ta fi ta zafi, har da maganar sanƙonsa. Tsakanina da shi wannan ba komai ba ne. Amma na manta mazajen ƴaƴansa mata suna ji, yaran da na koyar suna ji, jikokinsa ma suna ji. Bayan sati guda wani ɗan ƙanena ya gaishe ni a ƙofar masallaci yana danne dariya yana kallon cikina.

Wannan mai sauƙi ne. Mata kuwa gaba ɗaya suka yi tsit. Matar ɗan Sale ƙanena ta haihu a Jiratawa, rabin dangi ba su ji ba sai bayan suna, don babu macen da za ta buɗe baki ta yi zancen haihuwa a inda surukinta yake saurare. Wani saurayi kuma ya tsinci lambar wata matar aure a jerin mutanen gurup ɗin, ya aika mata da gaisuwar da ba a sa shi ba, sai da dattawa suka zauna a kai. Mamanki ce ta fito mini fili. Ta ce, “Malam, ka tara mu ɗaki guda da surukanmu, ka ce mu yi hira? Ko gidan buki ba a yin hakanga.”

Don haka ki riƙe wannan, Uwata. A gurup kowa yana jin kowa, kowa yana iya magana, kowa kuma yana ganin lambar kowa. Can makaranta za a yi ta jefa ki cikin gurup iri-iri, na aji, na ɗakin kwana, na ƴan Maraɗi mazauna Yamai. Kafin ki ce uffan, ki buɗe jerin mutanen ki karanta har ƙasa, ki san wa ke zaune a ɗakin. Wasan da za ki yi da ƙawarki ba shi za ki yi a gaban malamarki ba. Kada kuma ki jefa kowa cikin gurup sai kin tambaye shi, ko da kina ganin alheri kike yi masa. Ni ma alheri nake gani.

Ke kika fitar da ni daga ramin nan, ba na musu. Kina ajin ƙarshe na sakandare a lise, kika zauna kusa da ni a tabarma kika ce, “Baba, abin da kake so ba gurup ba ne, kominote ne.” Kika buɗe shi a salularki kina nuna mini. Kowane ƙaramin gurup ya koma da mutanensa, na wannan ba ya jin abin da ake faɗa a wancan, amma duk suna ƙarƙashin inuwa guda. A samansu kuma akwai wuri ɗaya na sanarwa, wanda maganarsa ke isa ga kowa da kowa, amma ba mai iya sa magana a ciki sai admin, mai riƙe da makulli. A can kuma mutane ba sa ganin lambobin junansu. Na ce ai wannan gidan kakana ne kika zana, kowane sashe da ƙofarsa, zaure kuma ɗaya. Mata suka koma hirarsu, ni da Haruna muka koma zaginmu a cikin mu tara, kika miƙa mini makulli.

Amma kin tuna gardamar da muka yi a kan hoto? Na nace sai an sa hoton ƙofar gidan kakanmu a wurin sanarwa, alhali shi ne a gurup ɗin dattawa, sunayen biyu kuma da kalma ɗaya suka fara. Kika ce, “Baba, a sake hoton ɗaya, za su ruɗa ka.” Na ce miki ni da na shekara talatin ina bambanta tagwaye a aji, hoto ne zai ruɗa ni? Kika ƙyale ni, yadda mamanki ke yi idan ta san gaskiyarta za ta fito daga baya.

Da makulli ya shiga hannuna sai na zama abin da na zama. Barka da asuba, ni ne. Barka da Juma'a, ni ne. Farashin taki, nasiha a kan karatun yara, maganin sanyin ƙashi da wani ya turo mini, duk a sanarwa. Da yake ba mai iya katse ni, sai na ɗauka daɗi suke ji. Ashe a gurup idan ka cika surutu wani zai ce maka ya isa. A sanarwa kuwa ba mai ce maka ya isa, sai kowa ya kashe ƙarar ya bar ka kana wa'azi kai kaɗai.

Ban gane ba sai da injin ruwa ya lalace a Jiratawa, aka gyara, aka matso da ranar layinsu Sale gaba da kwana biyu. Aka ce Mushe ya sanar, na sanar. Ba wanda ya buɗe. Ruwa ya zo ya wuce, dashen tattasan Sale da ya kwana uku a ƙasa ya ƙone ƙurmus a zafin bazara. Na je ina faɗa, ina cewa ai na faɗa, ga shi nan a rubuce. Sale ya dube ni, ƙanena ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya ce, “Yaya, kullum kana magana. Ta ina za mu gane ranad da kake da magana?”

Ki ji wannan da kyau, don zai yi miki amfani ko a ɗakin haihuwa. Idan aka ba ki wurin da ke kaɗai ke magana, ki rage maganar. Shirun mutanen da ba su da damar amsawa ba yarda ba ce. Ni dai na tuba. Na bi gurup-gurup na ba da haƙuri, na yi alkawari daga ranar ba abin da zai shiga sanarwa sai mutuwa da haihuwa da ruwa. Mutane suka yarda, suka mayar da ƙarar. Har ta kai idan sanarwa ta yi ƙara, mai cin abinci yana aje loma ya buɗe. Na ji daɗin haka ƙwarai. Ban san rami nake gina wa kaina ba.

Yanzu na zo kan abin da ban taɓa ba ki labarinsa dalla-dalla ba. Kina cikin jarrabawa lokacin, kin dai ji an ce Baba ya yi kuskure. Ga yadda aka yi.

Wata Laraba da hantsi matar Haruna ta kira ni, ta ce ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagonsa. Na hau moto, babur ɗin nan nawa, ko tabarau ban ɗauka ba. Kafin in isa Tsibiri an riga an rufe shi da zane. Mutumin da shekaranjiya ya ce mini idan na mutu shi zai gaji motona, don bawa ba ya da magaji sai ubangidansa.

Kin san yadda ake yi a wurinmu, ko da yake ku yaran yanzu kuna ganin ɓata lokaci ne. Labarin mutuwa yana da tsari. Dattawa ke fara ji, su zaɓi wanda zai je wa wane da wanda zai je wa wance. Ana zuwa da ƙafa. A yi sallama, a zauna, a gaisa a tsanake, a tabbata akwai wani kusa da mutum, a ce jikin wane ya motsa, a bar zuciya ta ɗan shirya, sannan a faɗa. Kuma kafin duniya ta ji, sai uwa ta ji. Uwar Haruna tana Jiratawa, tsohuwa tukuf, kuma shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunya, sai dai ta ce “na Tsibiri”.

Na san duk wannan, don ni ake aikawa irin wannan aike. Niyyata in gaya wa dattawa tara kawai. Na fita bayan ɗaki na ciro salula, idona cike da hawaye, ba tabarau. Na ga hoton ƙofar gidan kakanmu, na danna, na ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Haruna rasuwa yanzun nan. Kada kowa ya gaya wa Iya tukuna. Sale, ka tafi da ƙafarka.”

Ban ko mayar da salular aljihu ba sai na ji salulolin gidan suna ƙara lokaci guda, na zaure, na tsakar gida, na bayan katanga. Sai na ji muryata tana fitowa daga ɗakin mata. Uwata, ashe a sanarwa na saka shi, ba a gurup ɗin dattawa ba. Na goge saƙon nan take, amma me gogewa za ta yi wa abin da kunne ya riga ya ɗauka? Na kira Sale bai ɗauka ba, yana cikin lambu, rigarsa da salular suna rataye a bishiya.

Na hau moto. Daga Tsibiri zuwa Jiratawa dole sai ka ratsa Maraɗi, kuma ranar kamar duk ƴan kabu-kabun garin sun yi shawara su tare mini hanya. Ga amalanke, ga wata babbar mota ta gicciye wajen kasuwa ana sauke buhuna. Ni da kullum nake tsine wa rezo, sabis ɗin salula, idan ya ɗauke, ranar roƙon Allah nake ya ɗauke shi daga Jiratawa gaba ɗaya. Ina tafe ina cewa wataƙila tana barci, wataƙila ba kowa kusa da ita, alhali na san ƙarya nake yi wa kaina. Na san da hantsi matan unguwa a tsakar gidan Iya suke taruwa suna tsigar zogale kafin masu saye su zo. Na kuma san yawancinsu ba sa karatu, don haka idan bokal ya shigo, a tsakiyar tabarma ake aje salula a buɗe murya kowa ya ji. Daga baya aka gaya mini da ta yi ƙara, wata ta ce, “Ku yi shiru, Mushe ne, ba ya magana sai da dalili.” Ni na koya musu haka.

Da na isa ban ji kuka ba, kuma shi ya fi tsorata ni. Mata sun yi jugum, ganye a zube. Iya tana zaune a wurinta da reshen zogale a hannu, rabi a tsige. Sun ce da saƙon ya ƙare kalma ɗaya ta faɗa. Ta ce, “Haruna.” Ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta sai ranar.

Na durƙusa a gabanta. Ita ta fara magana.

“Isuhu, ka iso?”

Na ce, “Na iso, Iya.”

Ta ce, “Muryarka ta riga ka. Ta ce kar a gaya mani.”

Na fara ba da haƙuri, ina maganar hoto da tabarau, maganar banza. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

“Tashi ka koma ƙohwa. Ka yi sallama, ka shigo ka hwaɗa mani yadda ake hwaɗa ma mutane. Ɗana ba sanarwa ba ne.”

Na tashi na koma ƙofar gida, a gaban matan nan duka. Na yi sallama, ta amsa. Na shigo na zauna. Na ce ina kwana, ta ce lahiya lau. Na tambayi gajiya, na tambayi zafi, na tambayi ƙafarta da ke ciwo, duk ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage mini ko guda ba. Sannan na ce, “Iya, jikin na Tsibiri ne ya motsa.” Ta dube ni ta ce, “Allah shi ba shi lahiya.” Ta san ya mutu, na san ta sani, amma sai da ta yi masa addu'ar nan, don ita ce na ƙwace mata. Na jira kaɗan, sannan na faɗa. Sai a lokacin ta aje reshen ta yi kuka.

Har yau ba ta taɓa zagina ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Amma shekara biyu ke nan, duk ranar da na yi sallama a gidanta, ko da goro na kai mata, kafin ta amsa gaisuwa sai ta ce, “Isuhu, wa kuma?” Ba da fushi take faɗa ba. Da gaske take tambaya.

Nasihar da ke cikin wannan ba ta da yawa. Kafin ki danna, ki karanta sunan da ke sama sau uku, ko gidan yana cin wuta. Kada wuri biyu su taɓa zama da hoto ɗaya, kin riga ni sanin wannan. Kada ki aika komai da hawaye a idonki. Labarin mutuwa kuwa, ƙafa ce ke fara kai shi, salula ta biyo baya. Aikin da za ki koya ma yana da irin wannan rana, don ba kowace haihuwa ke ƙarewa da guɗa ba. Idan ta zo, ki fita ki sami mutanen, ki zauna, ki dube su.

To, ga maganar likita. Ba tansiyo ba ce. Sun ga wani ƙari a hanjina, sun ce sai an yi aiki, kuma an sa ranar a farkon watan gobe, nan Maraɗi. Likitan ya ce akwai fata sosai, ya kuma ce shekaruna ba su taimaka ba. Na yarda da maganarsa duka biyu. Mamanki ta sani, Sale ya sani, gwaggonki Rakiya da za ta tarbe ki a tasha ta sani. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Za ki ce ga shi ni ma na gaya miki a takarda, kina cikin mota. Gaskiyarki. Na auna na sake aunawa. Da na faɗa a gida, da kin sauke jakarki kin ce ba inda za ki, kuma da na kasa tilasta miki, wurin da kika sha wahalar samu ya tafi ga wata. Amma ban bar ki ke kaɗai ba. Hajiya Balki ba sa'a ce ta zaunar da ita kusa da ke ba, ni na yanki tikitin biyu a jere, kuma ta san abin da ke cikin takardar nan. Ki juya ki dube ta. Idan kuka ya zo, ki yi shi a kafaɗarta, sannan ki dawo ki ƙarasa, don akwai aikin da zan ba ki.

Tun farko ke kika buɗe kominote ɗin, sunanki yana nan a admin, kin manta ne don ba ki taɓa amfani da shi ba. Jiya bayan la'asar na sauke kaina. Yanzu makulli ɗaya ne a duk zuriyar kakana, kuma yana hannunki. Ba mahaluƙin da zai iya sanar da komai game da ni ga dangi sai ke, ke kuma ba za ki sanar ba sai kin riga kin ji daga bakin mutum. Wannan ƙofar na kulle ta.

Ƙananan gurup ɗin ne ban iya kullewa ba, don kowannensu ɗaki ne mai baki da yawa. A na samari akwai masu gaggawar zama na farko, waɗanda za su sa hotona da addu'a tun kafin a rufe mini ido. Don haka ina roƙonki, roƙon uba, ki fita daga gurup ɗin samari da na mata kafin ranar aikin, ki zauna a sanarwa kaɗai. Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. A baƙon gari, surutun ƴan'uwan nan shi ne zai zame miki gida, ni kuma ina ce miki ki rufe shi daidai lokacin da kika fi bukatarsa. Ki yi haƙuri, na ɗan lokaci ne. Ki kira mamanki kullum, tana da surutun da ya ishi gurup uku.

Ki sani kuma admin ba ya ɓuya, duk wanda ke cikin kominote yana ganin lambarki. Za a kira ki da roƙon a sa tallar atamfa, a sa cigiyar akuya, wani ma gaisuwa kawai zai ce yana yi. Ki ce musu mutuwa da haihuwa da ruwa, ban da su babu. Ranar aikin kuwa kada ki ɗauki kiran kowa sai na mamanki ko na Sale ko na Rakiya. Ban iya ɗaure bakin duniya ba, na sani, kuma wannan ne ke sa ni juyi. Na dai yi iyakar abin da tsohon mushe zai iya.

Idan Allah ya tashe ni, ni da kaina zan kira ki, ko da muryar ba ta fita sosai. Sai ki sa a sanarwa cewa Mushe ya tashi, kuma an rage masa tumbin da Haruna ke yi wa gori.

Idan kuwa ɗayar ce, ba za ki ji ta a salula ba. Za ki ga gwaggonki Rakiya ta zo makaranta da ƙafarta. Za ta yi sallama, ta zauna, ta tambaye ki kwana da gajiya da karatu. Za ki gane tun daga ƙofa, amma kada ki katse ta. Ki amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Idan ta ce jikin babanki ya motsa, ki yi mini addu'ar samun lafiya, ina son ta. Ki yi kukanki, ki yi salla, ba gaggawa, dangi za su jira. Sannan ki ɗauki salula ki share idonki, ki karanta sunan da ke sama sau uku.

Amma kafin ki danna, ki kira Sale ki tambaye shi abu ɗaya, ko an je wa Iya da ƙafa. Idan ba a je ba, ki aje salular. Wanda zai je kuma ki ce ya yi sallama tun daga ƙofa. Za ta ce masa wa kuma. Kada ya amsa. Ya zauna ya gaishe ta tukuna.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa albarka a karatunki da hannunki. Allah ya sa muryata ce za ki ji. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Ni ne mahaifinki,
Mushe Isuhu,
Maraɗi.